Shin gyambon ciki yana warkewa gaba ɗaya?

Tambaya: Likita, shekara shida ke nan da aka ce mini ina da olsa. Idan na sha omeprazole da Gestid sai ciwon ya lafa, idan na bari sati biyu sai ya dawo. Na daina cin yaji da tsami, kullum kuma akwai madara kusa da ni. Shin ana rabuwa da wannan ciwo, ko haka zan ƙare rayuwata da shi?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ana rabuwa da gyambon ciki, kuma ba a daɗewa. Idan aka yi maganinsa yadda ya kamata, mafi yawansa yana rufewa cikin sati huɗu zuwa takwas. Duk wanda ya yi shekara shida yana fama, to ɗayan uku ne: ko ba a taɓa kawar da abin da ke haddasa gyambon ba, ko yana ci gaba da shan wani abu da ke sake buɗe shi, ko kuma tun asali abin da ke damunsa ba gyambo ba ne. Aikin da ke gabanka shi ne gano a ina ka faɗa cikin ukun nan, domin maganin kowanne daban ne.

Tumbin mutum yana fitar da ruwan asid mai ƙarfin da ke narkar da nama. Abin da ya hana shi cin kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangonsa, da wani sinadari da ke kashe kaifin asid a ƙarƙashin yauƙin, da jini mai gudana sosai wanda ke sabunta bangon a kai a kai. Idan wannan kariya ta samu rauni, sai asid ya ci bangon ya yi rami, ko dai a cikin tumbin ko a farkon ƙaramin hanji inda abinci ke fita. Wannan ramin shi ne gyambon. Abubuwa biyu ne ke karya kariyar a mafi yawan masu wannan ciwo.

Na farko wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Helicobacter pylori, wadda a takardar awo za ka ga an rubuta H. pylori. Likitoci biyu 'yan Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a birnin Perth a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, bangon tumbinsa ya kumbura cikin 'yan kwanaki, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel a kan wannan aiki. Kafin nan duniya ta ɗauka damuwa da yunwa da yaji ne ke kawo gyambo, kuma har yau a wajenmu wannan tsohon zance shi ne ke yawo. Yawanci ana kamuwa da ƙwayar tun ana yara, ta yawu ko ta ruwa da abincin da najasa ta taɓa. Tana shigewa ƙarƙashin yauƙin nan, tana fitar da wani sinadari da ke kare ta daga asid, ta zauna shekara da shekaru tana kumbura bangon. A Najeriya mafi yawan manya suna ɗauke da ita, amma kusan mutum 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai ke samun gyambo daga gare ta.

Na biyu kuwa magungunan kashe zogi ne: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, naproxen da aspirin. Zan riƙa rubuta sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali domin ka gane su idan ka gani. Waɗannan suna hana jiki yin sinadarin da ke sa a fitar da yauƙin kariya, kuma ta jini suke wannan aiki, saboda haka allurar diclofenac ma tana iya kawo gyambo, ba sai ƙwaya ba. Shan su bayan an ci abinci yana rage zafin da ake ji a lokacin, amma bai kawar da haɗarin ba. Nan ne mutane da yawa ke cutar kansu ba su sani ba. Haɗin maganin gajiya da ake ƙulla wa leburori da direbobi da manoma a kemis, sau da yawa akwai irin waɗannan guda biyu ko uku a ciki, wani lokaci har da dexamethasone ko prednisolone, waɗanda ke ninka haɗarin zubar jini idan suka haɗu da su. Garin Alabukun aspirin ne da kafeyin. Masu ciwon gwiwa da baya, masu sikila, da mata masu ciwon mara lokacin al'ada su ma suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ka zauna ka fito da duk maganin da kake sha, har na gargajiya na cikin roba, domin akwai masu haɗa shi da irin waɗannan ƙwayoyi don mai sha ya ji sauƙi nan take.

Yanzu ka ga dalilin da ciwonka ke dawowa. Omeprazole yana rage fitar asid, Gestid yana kashe kaifin wanda ya riga ya fito na ɗan lokaci. Babu ɗaya cikinsu da ke kashe ƙwayar cutar. Kamar mai ƙaya ce a ƙafa, kullum ana wanke wurin ana ɗaure shi, ba a cire ƙayar ba. Idan aka rufe gyambo da maganin asid kaɗai aka bar ƙwayar, fiye da rabin mutane yana dawo musu cikin shekara guda. Idan aka kashe ta, waɗanda yake dawowa ba su kai 10 cikin 100 ba.

Amma kafin magani, a tabbatar gyambo ne. Wannan batu yana damuna ƙwarai, domin a wajenmu duk wanda ya nuna ƙahon zuci ya ce yana masa zafi, sai a ce olsa, ya tafi da sunan har tsufa. Alhali idan aka leƙa cikin masu irin wannan ƙorafi da na'ura, mafi yawansu ba a samun gyambo. Wasu ƙwannafi ne, wato asid ke hawowa maƙogwaro, musamman idan sun kwanta bayan cin abinci. Wasu tsakuwa ce a matsarmama, ciwon yana zuwa ta dama bayan an ci maiƙo, yana harbawa baya. Wasu hanta ce. Wasu, musamman masu hawan jini da ciwon suga da suka haura arba'in, ciwon zuciya ne ke zuwa musu a siffar olsa, da gumi da nauyin ƙirji. Wasu da yawa kuma bangon tumbinsu lafiya lau yake, jijiyoyinsa ne suka cika saurin jin zafi. Gyambon farkon hanji yakan yi zafi idan ciki ba komai, ya tashi mutum tsakar dare, ya lafa idan an ci abinci, na tumbi kuma yakan tsananta bayan cin abinci, amma waɗannan alamu ba su isa a yanke hukunci da su ba.

Hoton ciki da ake shafa mai a goga na'ura a kan fata ba ya nuna gyambo. Yana da amfani wajen duba hanta da matsarmama, amma idan an ce maka an ga olsa a irin wannan hoto, ka sake tambaya. Abin da ke nuna gyambo shi ne endoskofi: wata siririyar roba mai kyamara a kai da ake zurawa ta baki har tumbi. Ana zuwa ba a ci komai ba na tsawon awa 6 zuwa 8, a fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, aikin kansa bai cika wuce minti 15 ba, kuma ana iya tsinko ɗan nama a kai ɗakin awo. Ana yin sa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Sakkwato da Maiduguri. Ba kowa ne sai ya yi ba. Matashin da ba shi da wata alama mai tayar da hankali, ya isa a gwada ƙwayar a yi magani. Amma wajibi ne ga wanda ciwon ya fara masa bayan ya ba shekara 50 baya, ko yake ramewa ba dalili, ko abinci ke tsaya masa a maƙogwaro, ko yake yawan amai, ko jininsa ke ƙarewa, ko akwai wanda ya yi sankarar tumbi a danginsa. Kai ma da ka shekara shida kana shan magani ba a taɓa leƙawa ba, shawarata ka yi.

Gwajin ƙwayar kala uku ne a wajenmu, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Na jini shi ya fi yawa da araha, shi ne kuma ya fi ruɗa mutane. Ba ƙwayar yake nunawa ba, alamar da jiki ya bari ce ta cewa ya taɓa haɗuwa da ita, kuma wannan alama tana iya zama shekaru bayan ƙwayar ta mutu. Shi ya sa za ka ga mutum ya sha magani, ya koma ya yi gwajin jini, aka ce har yanzu akwai, ya sake sayen wani, har sau uku ko huɗu, alhali tun na farko ya warke. Gwajin da ke nuna ƙwaya mai rai shi ne na bahaya da na numfashi. Sharaɗinsu shi ne ka yi sati 2 ba ka sha omeprazole da danginsa ba, kuma sati 4 ba ka sha kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta ko bismuth (wani maganin ciki da ake haɗawa wajen kashe ƙwayar) ba. In ba haka ba ƙwayar takan yi ƙasa, gwaji ya ce babu alhali tana nan. A cikin waɗannan kwanaki kana iya riƙe ciwon da maganin ruwa irin Gestid ko Gaviscon.

Idan an sami ƙwayar, ga yadda maganin yake. Ina kawo adadin ne domin ka iya duba abin da aka ba ka, amma likita ne zai zaɓa, saboda dalilan da zan faɗa a gaba.

Haɗin da aka fi sani na magani uku ne, kowanne safe da yamma, na kwana 14: omeprazole miligiram 20, amoxicillin giram 1, da clarithromycin miligiram 500. Ka lura da amoxicillin. Kafso ɗinsa yawanci miligiram 500 ne, saboda haka biyu ake sha da safe, biyu da yamma. Idan ka ƙirga, na kwana 14 zai zama omeprazole 28, amoxicillin 56, clarithromycin 28. Yawancin kwalayen da ake sayarwa a haɗe na kwana 7 ne, ke nan biyu ake buƙata, kuma wasunsu clarithromycin ɗin ciki miligiram 250 ne kawai. Ka juya kwalin ka karanta, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Omeprazole ana shan sa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin abinci, domin yana kama famfunan asid ne a lokacin da abinci ya tayar da su. Wanda ya sha bayan ya ƙoshi ya zubar da kaso mai yawa na amfaninsa. A haɗiye shi yadda yake, kada a tauna. Kuma ba don rage zafi kaɗai aka sa shi a haɗin ba: sauran biyun ba sa aiki sosai a cikin asid mai yawa.

Matsalar wannan haɗi ita ce ƙwayar ta fara jure wa clarithromycin a ƙasashe da yawa, kuma wanda ya taɓa shan clarithromycin ko azithromycin ko erythromycin don tari ko wani ciwo ya fi fuskantar wannan. Saboda haka likitoci da yawa yanzu suna farawa da haɗin magani huɗu. Ɗaya shi ne a ƙara metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, miligiram 400 zuwa 500 safe da yamma a kan ukun can. Ɗayan, wanda ya fi ƙarfi, shi ne omeprazole sau biyu, bismuth sau huɗu, tetracycline miligiram 500 sau huɗu, da metronidazole miligiram 400 sau uku ko huɗu a rana, shi ma kwana 14. Wannan ne kuma ake ba wanda jikinsa ba ya karɓar penicillin, domin irinsa ba zai sha amoxicillin ba, tunda danginsu ɗaya. Ƙwayoyin suna da yawa, shan su akwai wahala, amma yana aiki ko a inda ƙwayar ke jure wa metronidazole, abin da ya yi yawa a Afirka saboda yadda ake shan Flagyl a kan kowace gudawa.

Abin da ya fi kayar da magani shi ne yankewa. Zuwa kwana na huɗu ko na biyar ciwo ya tafi, baki kuma ya cika da ɗaci kamar an lashi ƙarfe, ga tashin zuciya, ga bahaya ya yi ruwa, sai mutum ya ajiye. Ƙwayoyin cutar da suka rage a cikin tumbi a lokacin su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa, kuma wannan maganin ba zai sake kama su ba. Ɗacin baki da 'yar gudawa ba dalilin tsayawa ba ne, suna wucewa idan an gama. Shan amoxicillin da clarithromycin da metronidazole tare da abinci yana rage tashin zuciya. Bismuth yana mayar da harshe da bahaya baƙi, wannan ba jini ba ne. Tetracycline ba a haɗa shi da madara ko nono ko maganin ƙarin jini ko maganin ruwa na asid, a bar tazarar awa 2 aƙalla, domin suna riƙe shi su hana shi shiga jiki. Giya ba ta haɗuwa da metronidazole. Abin da zai sa a tsaya nan take a tafi asibiti shi ne ƙuraje masu ƙaiƙayi a jiki, kumburin fuska ko leɓe, sarƙewar numfashi, bugun zuciya da jiri, ko gudawa mai tsanani da jini.

Ga kuma dalilan da suka sa na ce a bar wa likita zaɓi. Mai juna biyu ba ta shan tetracycline ko bismuth, clarithromycin ma ana kauce mata shi, yawanci ana jinkirta kashe ƙwayar har ta haihu. Akwai wani maganin kare tumbi mai suna misoprostol wanda ke zubar da ciki. Ƙananan yara ba a ba su tetracycline saboda haƙora. Clarithromycin yana karo da simvastatin na rage kitse a jini da wasu magungunan zuciya. Mai shan clopidogrel na hana jini daskarewa gara a ba shi pantoprazole maimakon omeprazole. Mai shan maganin ƙanjamau da ke da dolutegravir, maganin ruwa na asid yana hana shi aiki, sai dai a sha na ƙanjamau awa 2 kafin na asid ko awa 6 bayansa. Mai ciwon ƙoda ana rage masa adadi. Ka faɗa wa likita duk abin da kake sha ba tare da jin kunya ba.

Bayan kwana 14, ƙwayar ta mutu in Allah ya so, amma ramin bai gama rufewa ba. Gyambon farkon hanji yakan rufe cikin sati 4, na tumbi yana buƙatar sati 8 ana shan omeprazole miligiram 20 zuwa 40 kowace safiya. Daga nan sai matakin da kusan kowa ke tsallakewa: a koma a tabbatar ƙwayar ta mutu, da gwajin bahaya ko na numfashi, aƙalla sati 4 bayan an gama magungunan kashe ta, kuma sati 2 bayan an ajiye omeprazole. Daina jin ciwo ba shaida ba ce. Ko da an sha magani daidai, akwai kusan mutum ɗaya cikin biyar da haɗin farko ba ya kashe masa ita. Irin wannan ba a maimaita masa abin da ya sha, ana canza haɗi ne: wanda ya sha mai clarithromycin a ba shi mai bismuth, ko a haɗa masa levofloxacin miligiram 500 sau ɗaya a rana da amoxicillin da omeprazole. Wanda gyambonsa a cikin tumbi yake kuma, ana sake leƙawa bayan sati 8 zuwa 12, domin sankarar tumbi tana iya zuwa da kamar gyambo, har ta ɗan lafa da omeprazole. Tun 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa H. pylori cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, duk da cewa kaɗan ne cikin masu ɗauke da ita ke kaiwa can. Wannan ma dalili ne na kashe ta da gaske.

Idan maganin zogi ne sanadi, babban magani shi ne a daina shi, a sha omeprazole na sati 8. Don ciwon jiki a koma paracetamol, giram 1 duk bayan awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, mai ciwon hanta kuma ƙasa da haka. Amma wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin aspirin na miligiram 75 saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya ajiye da kansa. Ana haɗa masa da maganin rage asid ne ya ci gaba.

Batun abinci, an tsananta muku fiye da kima. Yaji da tsami ba sa haƙa gyambo, sai dai suna iya tayar da zafi a wanda yake a buɗe. Ka kauce wa abin da ka gwada ka ga yana tayar maka, ka ci sauran, kuma bayan warkewa yawancin mutane suna komawa cin komai. Ana samun mutanen da aka hana wake da tumatur da lemo da gyaɗa da mai har suka rame, a banza. Madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya sinadaran cikinta su sa tumbi ya ƙara fitar da asid, saboda haka abinci ce, ba magani ba. Kanwa da ake jiƙawa a sha don ƙwannafi tana kashe asid nan take, amma tana cika ciki da iska, gishirin cikinta kuma yana da illa ga mai hawan jini da ciwon ƙoda ko zuciya. Zuma da habbatussauda da ruwan kabeji, wanda yake so ya sha, ba zan hana shi ba, sai dai kada ya sa su a madadin kwana 14 ɗin nan. Abin da ke hana gyambo rufewa da gaske shi ne taba, ko sigari ko shisha, domin tana rage jinin da ke zuwa bangon tumbi. Goro da kofi da shayi mai kauri suna ƙara asid, a rage su har a warke, musamman a kan yunwa.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Idan bahaya ya fito baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta da wari mai tsanani, ba kuma bismuth ko maganin ƙarin jini ake sha ba, ko aka yi aman jini, ja ko baƙi-baƙi mai gudaji, ko jiri na ɗibar mutum idan ya miƙe, to gyambon ya ci jijiyar jini. A asibiti za a sa ruwa, a ba da maganin asid ta jijiya, a ƙara jini idan ya yi ƙasa, sannan a leƙa cikin awa 24 a tsayar da zubar ta cikin na'urar. Tsofaffi masu shan maganin ciwon gaɓoɓi sau da yawa ba sa jin wani ciwo kafin wannan, jinin ne alamar farko. Na biyu shi ne ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya ƙame ya yi tauri, mutum ba ya son ko motsi. Wannan gyambon ya huda bango ke nan, abin da ke cikin tumbi yana zuba cikin ciki. Tiyata ce maganinsa, kuma kowace awa da aka ɓata tana ƙara haɗarin rasa rai. Kada a ba shi abinci ko ruwa ko jiƙo, a ɗauke shi zuwa inda ake fiɗa. Na uku shi ne aman abincin jiya ko shekaranjiya da ramewa, alamar tabon tsohon gyambo ya matse mafitar tumbi.

Game da omeprazole da ka daɗe kana sha, kada ka yanke shi rana ɗaya. Tumbin da aka daɗe ana danne wa asid, idan aka sake shi yakan fitar da fiye da na da na wasu makonni, mutum ya ji zafi ya ɗauka gyambo ne ya dawo. Mai yiwuwa wannan yana cikin abin da kake ji. Bayan an gama magani an tabbatar, ka rage a hankali: idan sau biyu kake sha ka koma sau ɗaya na sati biyu, sannan yau a sha gobe a huta na wani sati biyu, kana riƙe abin da ya taso da maganin ruwa. Shan sa shekaru ba tare da dalili ba yana iya rage shigar sinadarin ƙarfe da bitamin B12 da magniziyam cikin jiki. Akwai waɗanda dole su zauna a kansa, kamar masu aspirin da suka taɓa zubar da jini, amma wannan hukuncin likita ne. Idan kuma an leƙa ba gyambo, an kashe ƙwayar, ciwo bai tafi ba, to wataƙila irin saurin jin zafin nan ne na jijiyoyin tumbi. Ciwo ne na gaske, ba raki ba, kuma yana da nasa magani, ciki har da ƙaramin adadin amitriptyline da dare, da gyara barci da rage cika ciki a zama ɗaya.

Azumi ba ya haifar da gyambo, amma mai gyambo a buɗe, ko wanda bai daɗe da zubar da jini ba, azumi yana iya jefa shi cikin haɗari, kuma shari'a ta ba mara lafiya damar ya sha ya rama. Wanda ya warke yana azuminsa lafiya. Dabara ita ce a yi gwaji da magani tun Rajab, kafin Ramadan ya kama an gama. Idan magani ya riski mutum cikin watan, haɗin safe da yamma ana iya shan sa lokacin sahur da lokacin buɗa baki, amma mai sau huɗu ba ya yiwuwa haka. Omeprazole a sha shi rabin awa kafin sahur, kada a bar sahur ɗin, kuma kada a buɗe baki da soye-soye masu yawa a kan cikin da ya wuni ba komai.

Iyalinka ma ka duba su. Ƙwayar tana yawo ne a cikin gida, saboda haka idan matarka ko wani babba a gidan yana da irin wannan ƙorafi, a yi masa gwajin bahaya shi ma. A daina tauna wa jarirai abinci a ba su a baki, a wanke hannu da sabulu bayan an fito bayan gida da kafin a sa hannu a kwano, ruwan rijiya ko na 'yan garuwa kuma a tafasa shi ko a sa masa maganin tsaftace ruwa kafin a sha. Babban da aka kashe masa ƙwayar aka tabbatar bai cika sake kamuwa ba, yaran gidan ne suka fi buƙatar wannan kariya.